Kwana Arba'in da Ɗaya

Ran Juma'a, ashirin da ɗaya ga Nuwamba,
na bar masana'antar gilashi ta Toledo.
Shekara talatin da ɗaya a bakin tanderu,
wuta ta ci gira, tsayuwa ta ci gwiwa.
Wani yaro mai sabon kwalin digiri
ya ce hannuna ya yi nauyi.
Na tuɓe safar hannu na ɗora kan takardunsa.
Ba zan ɓoye ba, abin ya yi daɗi,
har na tada mota ina jin zaƙinsa a baka.

Shekarata hamsin da huɗu,
sai Maris za a ƙara mini ɗaya.

Disamba ta zo, rufin gida ya soma hawaye.
Rhonda ta jera tukwane huɗu a ɗakin kwana,
kowace da irin kukanta.
Na ce mata, kwantar da rai, muna da ajiya.
Tun ina da gashi ake gutsurar albashina
ana zubawa a asusun ritaya,
hannun haraji bai taɓa shiga ciki ba.
Na nemi dala dubu arba'in,
aka aiko talatin da biyu.
Takwas an tare su tun a ƙofa.
Na haɗiye yawu, na ce to, ai an gama.

Afrilu, ofishin Lenore Haddad,
tsakanin shagon wanki da na mai yankan makulli.
Kwanon alewar minti a kan tebur,
tabarau a ƙarshen hanci.
Ta ce, Darrell, harajin nan jinkirta shi aka yi,
ba wanda ya ce an yafe.
Kuɗin da ka cire sun hau kan albashin wata goma sha ɗaya,
kaya kan kaya, sun ɗaga ka mataki.
Jihar Ohio ma tana tsaye da nata kwano.
Ga kuma tara, kashi goma cikin ɗari,
don ba ka kai hamsin da tara da rabi ba.

Na ce, rabi?
Wa ya zauna ya tsaga shekarar mutum kamar kankana?

Ba ta yi dariya ba. Ta juya takarda.
Yaushe ka ce ka ajiye aiki?
Na faɗa.
Ta cire tabarau ta goge shi da gefen riga, ta daɗe tana gogewa.
Ta ce akwai wata ƙaramar ƙofa:
wanda ya bar aiki cikin shekarar da zai cika hamsin da biyar,
ko da ran ɗaya ga Janairu ne,
tarar ba ta hawa kansa.

Na ƙirga a yatsu, yatsun da wuta ta gasa.
Kwana arba'in da ɗaya.
Na jure kwana dubu goma sha ɗaya,
arba'in da ɗaya suka gagare ni.
Dala dubu huɗu,
kusan ɗari ke nan kowace safiya
da na kwanta ina kallon silin ina jin kaina sarki.

Na ɗauki alewa biyu maimakon ɗaya.

A gadar kogin Maumee Rhonda ta yi shiru,
sai can ta ce, lallai mun sayi safar hannu,
babu irinta a tsada duk faɗin Ohio.
Na so in yi fushi, na tuna farashinsa.

Yanzu ina kai kayan gyaran mota kwana uku a mako.
Ragowar ajiyar na bar ta ta yi barci,
ni da ita muna jiran wannan rabin.
Jiya Curtis ya bugo daga masana'anta,
ya ce yaron nan ya ishe shi, gobe zai tafi.
Na ce, tsaya tukun, a wane wata aka haife ka?

Da dare aka yi ruwa.
Na kasa kunne a ɗakin kwana,
tukwanen suna kicin, a kife.